Wasiƙun Landan a Kan Alƙalai Goma Sha Biyar na Edinbara

Duk wanda ya shiga Gidan Majalisa na birnin Edinbara da safiyar ranar aiki a shekarar 1806, hayaniya ce za ta fara dukan kunnensa. Zaure ne dogo mai rufin katako, nan majalisar dokokin Sikotilan take zama kafin ƙasar ta haɗe da Ingila a 1707. Da 'yan majalisa suka koma Landan, lauyoyi suka gaje wurin. Suna kai da kawowa cikin baƙaƙen riguna, akawuna na biye da su da tarin takardu a hammata, masu ƙara kuma sun raɓe a gefe suna jiran a kira sunansu. A wani lungu na zauren alƙali guda yana sauraren lauya cikin wannan rututu. Ta wata ƙofa kuma akwai ɗakin ciki, inda Kotun Seshan take zama gaba ɗayanta: alƙalai goma sha biyar, a kan shari'a ɗaya.

Sarki James na Biyar ne ya kafa kotun a 1532, kuma ita ce babbar kotun Sikotilan a kan bashi, gado, fili da ciniki. Yarjejeniyar haɗewa ta 1707 ta tanadi cewa za ta ci gaba da zama. Saboda haka mutanen ƙasar ba su ɗauke ta kamar sauran ma'aikatu ba. Majalisa ta tafi, fadar sarki ta daɗe da tafiya, abin da ya rage musu nasu na kansu shi ne coci, makarantu da wannan kotu. Sai an riƙe wannan a zuci kafin a gane dalilin da ya sa maganar gyaranta ta sa babban mutum kuka a bakin titi.

Amma kotun ba ta da lafiya, kuma na cikinta ma sun sani. Kusan komai a rubuce ake yin sa. Lauya ya rubuta doguwar takarda a buga a injin ɗab'i, abokin hamayya ya mayar da martani a buga, a mayar wa martanin martani. Shaidu ba sa tsayawa gaban alƙalan. Wani wakili ake turawa ya rubuto abin da suka faɗa, alƙalai su karanta ba tare da sun ga idon mai magana ba, ba su ji inda muryarsa ta yi rawa ba. In alƙalin zauren waje ya yanke hukunci, wanda aka kayar yana iya roƙonsa ya sake dubawa. In ya ƙi, a shiga ɗakin ciki. In can ma aka kayar da shi, ya sake roƙon su goma sha biyar ɗin su sake tunani. Bayan duk wannan akwai Landan, domin Majalisar Dattawan Birtaniya ita ce ƙarshen ɗaukaka ƙara, kuma da zarar an shigar da ƙara can, an dakatar da zartar da hukunci. Mai kuɗin da ake bi bashi ya gane wannan sarai: ko ya san ba shi da gaskiya, ɗaukaka ƙara na saya masa shekaru. Haka aka wayi gari mafi yawan ƙararrakin da ke jibge a gaban dattawan Landan daga Sikotilan suka fito, ƙasar da yawan jama'arta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na Ingila ba.

Tsofaffin lokacin ba su manta da shari'ar gadon gidan Douglas ba. A 1767 alƙalan suka rabu bakwai da bakwai, shugaban kotu ya jefa tasa ƙuri'ar ya raba gardama. Bayan shekara biyu Majalisar Dattawa ta soke hukuncin, jama'ar Edinbara suka fito suka farfasa tagogin alƙalan da suka kayar da matashin mai neman gadon, wanda suke goyon baya. Taron alƙalai bai kawo tabbas ba; ya mayar da hukunci abin ƙidayar hannu.

Maganin da aka zo da shi daga Ingila

A watan Fabrairu na 1806, bayan rasuwar Firayim Minista William Pitt, Lord Grenville ya hau kujerarsa. A gwamnatinsa akwai 'yan'uwa biyu 'yan Sikotilan a manyan kujerun shari'a: Thomas Erskine, shugaban alƙalai a Landan, da wansa Henry Erskine, babban lauyan gwamnati a Edinbara. A daminar wannan shekara Grenville ya gabatar wa Majalisar Dattawa shawarwarinsa, a farkon 1807 kuma ya kawo ƙudurin doka. Manufarsa uku ce: a raba kotun gida uku, a kafa wata kotun sake duba hukunci a Edinbara don a rage kwararar ƙara zuwa Landan, sannan a shigo da juri cikin shari'ar dukiya, wato mutum goma sha biyu daga cikin jama'a su saurari shaidu su faɗi abin da ya faru. A lokacin Sikotilan tana da juri a shari'ar manyan laifuka, mai mutum goma sha biyar, amma ba ta da shi a shari'ar bashi ko gado. A wurin Baturen Ingila mai ra'ayin 'yanci na wancan zamani, juri shi ne tubalin da aka gina 'yanci a kansa. Kai shi arewa, a ganinsu, kyauta ce.

A cikin gwamnatin nan akwai Samuel Romilly, mataimakin babban lauyan gwamnati, jikan Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo Ingila saboda addini. Romilly ya san kotunan Sikotilan da idonsa. A 1793 yana Edinbara lokacin da aka gurfanar da lauya Thomas Muir bisa zargin tunzura jama'a, aka yanke masa korar shekara goma sha huɗu zuwa Ostireliya. Ya rubuta wa abokinsa Étienne Dumont, mutumin Janiba, cewa duk firgicin da Dumont ya ji daga karanta labarin bai kai na wanda ya zauna a cikin kotun ba. Wannan kotun laifuka ce, ba Kotun Seshan ba, sai dai alƙalanta daga cikin goma sha biyar ɗin nan ake ɗibarsu.

Romilly kuma aminin Jeremy Bentham ne tun shekarun 1780. Bentham ya karanta shari'a, ya ƙi yin aikin lauya, ya ƙare rayuwarsa yana tona abin da ke damun doka. A 1806 yana da shekara 58, yana zaune a gidansa na Westminster, ransa a ɓace. Ya kashe shekaru da dukiya a kan wani sabon fasalin gidan yari da gwamnati ta yi masa alkawari sannan ta yi watsi da shi. Sunansa ya fi tafiya a Turai fiye da gida, albarkacin Dumont da ya tace rubuce-rubucensa ya buga su da Faransanci a Faris a 1802. A lokacin yana tsakiyar babban aiki a kan dokar shaida. Da labarin shirin Grenville ya iso masa, sai ya ture wancan gefe ya duƙufa a kan Sikotilan.

Mutanen nan uku da wasiƙa suke tunani. Wasiƙun Bentham na 1802 zuwa 1808, nasa da waɗanda aka aiko masa, an tattara su a juzu'i na bakwai na tarin wasiƙunsa, wanda J. R. Dinwiddy ya tace aka buga a 1988. Kowannensu da rawar da yake takawa. Bentham ne maƙeri, kullum wuta na ci. Dumont ne mai goge abin da aka ƙera har ya yi kyan gani. Romilly kuwa shi ne wanda ya san kasuwa: ya san abin da majalisa za ta iya haɗiyewa, da kalmar da za ta kai marubuci kurkuku. Bayan 'yan shekaru, da Bentham ya rubuta wani littafi a kan yadda ake zaɓen 'yan juri da son rai a Ingila, Romilly ne ya gargaɗe shi cewa in ya fito za a gurfanar da shi da mai buga masa. Bentham ya ji, littafin ya kwanta har 1821.

Abin da ya rubuta a kan Sikotilan ma siffar wasiƙa ya ba shi, amma buɗaɗɗiya, zuwa ga Lord Grenville kai tsaye. An buga su a 1808 da sunan Scotch Reform.

Abin da Bentham ya gaya wa Firayim Minista

A nan ne labarin ya juya. Ana zaton mai son gyara a Ingila zai tafa wa gwamnatin masu son gyara. Bentham bai tafa ba. Ya yarda Kotun Seshan na da cuta, amma ya ce gidan da aka ɗebo maganin ya fi ta ciwo.

Hujjarsa daga wuri mai sauƙi ta taso. Ya ce a dubi uba in 'ya'yansa biyu sun kawo masa ƙara. Ba ya cewa kowa ya je ya rubuto. Yana zaunar da su gaba da gaba, ya tambayi wannan, ya tambayi wancan, ya bar su su tambayi juna, ya kira duk wanda ya gani, ya yanke. Wannan ya kira hanyar ɗabi'a. Kishiyarta ita ce hanyar ƙa'idojin lauyoyi, wadda ta cika Ingila, inda a lokacin doka ta hana mai ƙara da wanda ake ƙara ba da shaida a shari'arsu, bisa zaton za su yi ƙarya. Mutum biyun da suka fi kowa sanin abin da ya faru su ne aka rufe wa baki, kuma ba a buɗe musu ba sai a 1851. Mai karatun da ya taɓa zama a gaban alƙali, ya ga an ce da mai ƙara ya faɗi da bakinsa, an juya ga wanda ake ƙara an ce me ka ce, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin abin da Bentham yake nema.

Bai tsaya a nan ba. Ya tambayi dalilin da ya sa hanyar wahala ta daɗe haka, alhali kowa na ganin illarta. Amsarsa ita ce kuɗi. A Ingilar wancan lokaci alƙalai da ma'aikatan kotu suna samun rabo daga kuɗin da ake biya a kan kowace takarda da kowane mataki. In mataki ya ƙaru, samu ya ƙaru. Lauya ma haka. Sai ya kira su kamfani guda, alƙali da abokan cinikinsa, waɗanda hajarsu ita ce jinkiri, wahala da kashe kuɗi. Waɗannan ukun bai gajiya da jera su. A ganinsa jinkiri ba kuskure ba ne da ya faɗo wa tsarin daga sama. Shi ne amfanin gonar da tsarin yake nomawa.

Daga nan shawarwarinsa suka biyo. Alƙali ya zauna shi kaɗai, a bainar jama'a, da albashi tsayayye ba ladan takarda ba. Dalilinsa na alƙali guda shi ne ɗaukar alhaki: in mutum ɗaya ya yi zalunci, kowa ya san sunansa, in goma sha biyar suka yi, kowa ya ɓuya a bayan ɗan'uwansa. Raba su gida uku rage cutar ne, ba warkar da ita ba. Masu shari'a su zo da ƙafarsu tun ranar farko. Juri kuwa, bai ce a jefar da shi ba, amma bai ga hikimar tara mutum goma sha biyu a kan kowace ƙaramar rigima ba. A ajiye shi ga wanda bai gamsu da hukuncin farko ba. Ya kuma nuna wa Grenville cewa abin koyi yana nan a Sikotilan ɗin kanta: ƙananan kotunan bashi da aka kafa a 1795, inda talaka ke zuwa ya faɗi ƙararsa da baki a gama a zama ɗaya. Ya ma yi tayin ya tsara wa ƙasar kundin dokoki ba tare da an biya shi ba.

A ra'ayina, a wannan gaɓa Bentham ya fi sauran ganin nesa. Grenville ya tambayi wace cibiya ce Ingila take da ita da Sikotilan ba ta da ita. Bentham ya tambayi me ke faruwa da mutumin da ke bin fam ashirin, tun daga ranar da ya shigar da ƙara har ranar da kuɗin ya shiga hannunsa, in ya shiga. Tambaya ta biyu ita ce ta gaskiya. Sai dai shi ma yana da nasa aibin, kuma ya cuce shi. Rubutunsa ya yi nauyi, jimla ɗaya sai ta ci rabin shafi, cike da kalmomin da shi ya ƙirƙiro. Yana neman alƙalai da lauyoyi su gyara gidansu, yana kuma kiransu 'yan kasuwar zalunci a shafi guda. Ƙari a kan haka, zargin ladan takarda ya fi kama alƙalan Ingila, domin na Kotun Seshan albashi suke ci, akawunansu ne ke rayuwa da kuɗin takardu. Wasiƙar da aka ce ta Sikotilan ce, yawancin kibanta kotunan Westminster suka nufa.

Hawaye a kan hanyar gida

A Edinbara kuwa ƙura ta tashi. Ba wannan ne karon farko ba: a 1785 an yi yunƙurin rage alƙalan zuwa goma, James Boswell ya rubuta ƙasida mai zafi yana cewa an taɓa yarjejeniyar 1707, aka janye. Yanzu ma ƙungiyar lauyoyi ta rabu. Hatta matasan da ke goyon bayan jam'iyyar gwamnati, irin su Francis Jeffrey editan mujallar Edinburgh Review da Henry Cockburn, ba su karɓi shirin dungurungum ba.

Walter Scott, wanda a 1806 ɗin nan aka naɗa shi ɗaya daga manyan akawunan kotun, ya yi dogon jawabi a taron lauyoyi yana adawa. Surukinsa John Gibson Lockhart, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya ba da labarin abin da ya biyo baya. Suna tafiya gida da Jeffrey da wani aboki, suka hau tudun da ya haɗa tsohon gari da sabo. Jeffrey ya yaba masa jawabin cikin raha. Scott ya ce masa wannan ba abin dariya ba ne, da kaɗan-kaɗan za su rushe komai har a rasa abin da ya sa Sikotilan ta zama Sikotilan. Ya juya ya jingina kansa da bango, Jeffrey ya ga hawaye na zubo masa.

Ba na ɗaukar hawayen nan da wasa. Mutumin da aka ɗauke wa majalisa, in aka zo taɓa kotunsa daga birnin da aka kai majalisar, dole gabansa ya faɗi, ko da masu taɓawar suna da kyakkyawar niyya. Masu wasiƙun Landan suna magana a kan Kotun Seshan kamar injin da ya lalace. Scott yana ganin gadon kakanni. Amma Scott ɗin nan ya san wanda injin yake niƙewa. A littafinsa Redgauntlet na 1824 ya saka wani tsoho mai suna Peter Peebles, wanda ya ɗauko daga wani mutum na gaske da ya saba gani a zauren: ɗan kasuwa mai rufin asiri da ya shiga shari'a, shekaru suka wuce, dukiya ta ƙare, hankali ya taɓu, ya koma yawo a Gidan Majalisa cikin tsumma yana alfahari da girman shari'arsa. Wanda ya zana wannan hoto ba zai ce bai san abin da Bentham yake faɗa ba. Ƙaunar gida da tausayin mai ƙara duka suna cikin zuciyarsa, kuma a 1806 ta farkon ce ta rinjaya.

Ƙudurin Grenville bai kai ko'ina ba. A watan Maris na 1807, a daidai lokacin da dokar hana cinikin bayi ta samu sa hannu, gwamnatin ta faɗi saboda saɓani da Sarki George na Uku a kan ba 'yan Katolika manyan muƙaman soja. Romilly ya sauka daga kujerarsa. Kafin wasiƙun Bentham su fito daga maɗaba'a, wanda aka rubuta wa ya riga ya bar mulki.

Lord Eldon ya dawo kujerar shugaban alƙalai, mutumin da ya yi suna wajen jan shari'a da ƙin sauyi. Amma tarin ƙararrakin Sikotilan a kan teburinsa yake, don haka shi ma dole ya motsa. Dokar 1808 ta raba kotun gida biyu, ɗaya mai alƙalai takwas, ɗaya mai bakwai. Ta taƙaita ɗaukaka ƙara a kan hukuncin tsakiyar shari'a, ta kuma ba kotu ikon barin a zartar da hukunci ko da an tafi Landan, abin da ya rage wa mai jinkiri riba. An kafa hukumar bincike a kan sauran batutuwa, aka ba Walter Scott sakatarenta.

Shi kuwa Bentham, abin da ya koya ya wuce Sikotilan. Ya kai ga cewa ba lauyoyi kaɗai ke cin moriyar ɓarna ba, 'yan majalisar da ya kamata su gyara su ma suna da nasu rabon, don haka rubuta wa minista wasiƙa ba zai wadatar ba. A 1808 ya haɗu da James Mill, wani ɗan Sikotilan mazaunin Landan, a 1809 kuma ya fara rubutu a kan sauya tsarin zaɓen majalisa. Romilly ya zaɓi hanyar haƙuri, doka ɗaya bayan ɗaya. A 1808 ya samu aka cire hukuncin kisa a kan yankan aljihu, ya ci gaba da fafutuka a kan sauran dokokin kisa, dattawa suna mayar masa da ƙudurori. A Nuwamban 1818, kwanaki kaɗan bayan rasuwar matarsa, baƙin ciki ya rinjaye shi ya kashe kansa.

Juri ya isa shari'ar dukiya a Sikotilan da dokar 1815, a wata kotu ta daban ƙarƙashin William Adam, mutum goma sha biyu kamar na Ingila. A 1830 aka narkar da ita cikin Kotun Seshan, aka rage alƙalai daga goma sha biyar, adadin da Boswell ya ce ba a isa a taɓa ba, zuwa goma sha uku. Takwas suka zauna a ɗakin ciki, huɗu-huɗu, suna duba hukunci. Biyar suka tare a waje dindindin, kowannensu shi kaɗai a kujerarsa, shi ke karɓar shari'a tun daga farkonta, sunansa ne a kan abin da ya yanke. Bentham yana da shekara 82 a lokacin, yana nan a gidansa na Westminster yana rubutu, kuma saura masa shekara biyu.